Mai Tsaron Gidan da Ya Fito Daga Yaƙi



Na san wani zai ce, yau kuma me ya haɗa Liman da ƙwallo? To, gaskiya ne. Ni ɗan kasuwa ne, albasa da wake nake sayarwa, in babban limaminmu ya yi tafiya ko ba ya jin daɗin jikinsa sai in ja salla. Ƙwallon da na taɓa bugawa ba ta wuce ta tsumma a lungu ba. Amma duk wanda ya tashi a garin nan ya san ba a raba Inugu da Rangers, kuma a tarihin ƙwallo akwai labarin gola guda biyu da nake ganin ya shafi zamanmu a nan fiye da yadda muke zato. Ɗaya ɗan Anacha ne, yaƙi ya cinye masa ƙuruciya. Ɗayan Bajamushe ne, shi kam da kansa ya ɗauki bindiga.

Bari in fara da na gida, domin sai an san inda aka fito.

Yaranmu da yawa ba su san cewa Hausawa sun daɗe a ƙasar nan tun kafin a ba Nijeriya mulkin kai ba. A shekarun 1950, magajin garin Inugu na farko da aka zaɓa Bafulatani ne, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine. Mutanen gari ne suka zaɓe shi da ƙuri'unsu. Haka zaman yake kafin 1966. A wannan shekara aka yi juyin mulki sau biyu, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, daga baya aka kashe Ibo dubbai a garuruwan Arewa, wanda ya tsira ya gudo gida. A nan ma aka rama a kan namu, aka kuma ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya tattara ya tafi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka fita da rigar jikinsu kawai. Aka fara yaƙin basasa ran 6 ga Yuli 1967, Inugu ta faɗa hannun sojan tarayya a watan Oktoba na shekarar, Anacha a Maris 1968, Fatakwal a Mayu. Ba a ajiye makami ba sai 15 ga Janairu 1970. An karya gadar Anacha, babbar kasuwarta ta ƙone, yunwa ta kashe mutane ɗaruruwan dubbai, akasarinsu yara ƙanana. Janar Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, amma mutumin da ke da dukiya a banki kafin yaƙi fam ashirin aka damƙa masa aka ce ya je ya fara rayuwa.

A cikin wannan tokar aka kafa Rangers a 1970. Jerry Enyeazu ne ya tsaya a kan kafa ta, Dan Anyiam ya zama kocinta na farko, kuma da yawa cikin 'yan wasan farko samari ne da suka tuɓe kakin Biyafara watanni kaɗan kafin nan. Shi ya sa in ka ga tsohon Ibo yana hawaye don Rangers ta ci kofi, kada ka yi masa dariya. Mutanen da aka ci da yaƙi ne suka sami filin da za su ɗaga kai ba tare da an zubar da jinin kowa ba.

Golan da ya fi suna a wannan ƙungiya shi ne Emmanuel Okala. An haife shi a Anacha ran 17 ga Mayu 1951. Ku lissafa: yana da shekara 16 aka fara yaƙin, yana da 18 aka gama, garinsu kuma yana cikin inda aka fi gwabzawa. Dogo ne na gaske, har mai sharhin rediyo Ernest Okonkwo ya laƙaba masa sunan da ke nufin mutum mai kama da dutse. Yana cikin raga Rangers ta ɗauki kofin ƙalubale sau uku a jere, 1974 da 1975 da 1976, ta kuma kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1975, inda Hafia ta Gini ta doke ta. Sai 1977, shekarar da tsofaffin unguwar nan ba sa gajiya da ba da labarinta. Rangers ta haɗu da IICC ta Badun a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi. An yi canjaras ba ci a Legas, hankula suka tashi tsakanin magoya baya, har gwamnatin Obasanjo ta ce a kai wasa na biyu Kaduna. A can ma ba wanda ya zura ƙwallo, sai da aka je bugun fenareti Rangers ta wuce, daga nan ta doke Canon ta Yawunde ta ɗauki kofin.

Ku tsaya ku dubi wannan. Shekara goma sha ɗaya bayan Ibo sun gudo daga Arewa, Kaduna ce aka ga ta fi dacewa a kai su su buga wasa cikin kwanciyar hankali. Bayan shekara uku kuma, ran 22 ga Maris 1980, Nijeriya ta ci Aljeriya uku da nema a Legas, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa kofin Afirka a hannun Christian Chukwu, kyaftin ɗin Rangers. Okala yana cikin tawagar, ko da yake Best Ogedegbe ne ya tsare raga a gasar. Yaran da aka harba wa bindiga da sunan Nijeriya suna cikin waɗanda suka ɗauko mata kofin Afirka na farko.

Ni an haife ni bayan mahaifina ya dawo Inugu, don haka a 1977 ban mallaki hankalina sosai ba. Abin da na tashi na gani shi ne wasu dattawa biyu a layinmu na kasuwa. Ɗaya kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, tsohon sojan tarayya da ya shigo garin nan da bindiga, bayan yaƙi ya ajiye aiki ya zauna yana sayar da goro. Ɗayan Ibo ne mai sayar da buhuna, haifaffen Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta wasunmu. A 1966 ya rasa wansa a Kano, ya gudo ya shiga sojan Biyafara. Kowannensu ya san a wane ɓangare ɗayan ya tsaya, ba wanda ya ɓoye. Amma duk ranar da Rangers ke wasa, rediyo ɗaya suke sa wa kunne a kan benci ɗaya. In Okala ya kaɗe ƙwallo sai mai buhuna ya daki cinyar kawu ya ce, "Soja, da irin wannan ne ke tsaron Inugu a 67 da ba ku shigo ba." Kawu ya ce, "Ai shi ya sa muka shigo tun bai girma ba." Su bushe da dariya. Ina yaro na ɗauka wasa ne kawai. Sai da na girma na gane nauyin abin da kowannensu ya haɗiye kafin ya iya zama a kan wannan benci.

Wannan ne ya sa da na ji labarin gola na biyu ban ji shi baƙo ba. Samarinmu masu cika gidan kallo suna ihun Manchester City, ko kun san wanda ya tsare wa ƙungiyar nan raga shekara goma sha biyar, sojan Hitila ne?

Sunansa Bernhard Trautmann, Turawan Ingila suka gajarta shi zuwa Bert. An haife shi a birnin Bremen na Jamus a 1923. Tun yana yaro ya shiga ƙungiyar matasan Hitila, a 1941 kuma ya shiga soja da ƙafarsa, ya zama sojan laima. Ya yi shekara uku yana yaƙi a fagen gabas, wajen Rasha da Yukiren, ya sami lambobin yabo biyar. Daga baya aka mayar da shi fagen yamma. Cikin mutum dubu na rundunarsu, kimanin casa'in ne suka ga ƙarshen yaƙin. A 1945 sojan Ingila suka kama shi, aka kai shi sansanin fursunonin yaƙi a yankin Lancashire. A nan ya riƙa buga ƙwallo, da farko a tsakiyar fili, sai da ya ji rauni a wani wasa ya koma raga, ashe nan abincinsa yake. Da aka sallame su a 1948 aka ce kowa ya koma ƙasarsa, shi ya zaɓi ya zauna. Ya yi aikin gona, ya yi aikin kwance bama-baman da suka rage, yana kuma tsare wa wata ƙaramar ƙungiya, St Helens Town, raga.

A watan Oktoba 1949 Manchester City ta ɗauke shi. Kai, gari ya ɗauki zafi. Shekara huɗu kacal da gama yaƙi, birnin da jiragen Jamus suka yi wa ruwan bama-bamai, ga kuma Yahudawa masu yawa a cikinsa waɗanda Hitila ya ƙarar da danginsu. Mutum wajen dubu ashirin suka fito zanga-zanga, wasu suka ce sun bar ƙungiyar ke nan. Wa zai ce ba su da hujja?

Wanda ya yayyafa wa wutar ruwa shi ne wanda ba a zata ba: babban malamin Yahudawan Manchester, Alexander Altmann. Shi ma daga Jamus ya gudo, kuma 'yan Nazi sun kashe masa uwa da uba. Wannan mutum ya rubuta wasiƙa a jaridar garin yana roƙon jama'a kada su ɗora wa mutum ɗaya laifin ƙasa guda, a bar shi a auna shi da halinsa. Da wani ne ya faɗa, sai a ce bai san zafin abin ba. Da yake wanda aka kashe wa iyaye ne, dole aka saurara.

Sauran aikin kuma Trautmann ne ya yi shi da jikinsa. Wasansa na farko a Landan, da Fulham a farkon 1950, tun daga shigowarsa ake zaginsa ana kiransa ɗan Nazi. An ci su ɗaya da nema, amma irin ƙwallayen da ya hana shiga sun sa da aka tashi 'yan kallo suka miƙe suna tafa masa, har da 'yan wasan da ya kara da su. A 1956 marubuta labarin wasanni suka zaɓe shi gwarzon shekara na Ingila, shi ne gola na farko da ya samu. Ran 5 ga Mayu na shekarar aka yi wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, City da Birmingham. Saura minti 17 a tashi, City na gaba da ci uku da ɗaya, ya faɗa ƙafafun wani ɗan wasa mai suna Peter Murphy, gwiwar mutumin ta same shi a wuya. A lokacin ba a canjin ɗan wasa. Ya tashi yana tangaɗi, ya ci gaba da tsaron raga har aka busa tashi, ya hau ya karɓi lambarsa wuya a karkace. Sai bayan kwana uku da aka ɗauki hoton ƙashi aka ga ashe wuyan ya karye, wani ƙashi ne ya tokare wanda ya tsage, shi ya hana shi mutuwa. Ba a jima ba kuma mota ta kaɗe ɗansa na fari, mai shekara biyar, ya rasu. Duk da haka ya warke ya dawo, ya buga wa City wasa 545 kafin ya bari a 1964. Daga baya ya koyar da ƙwallo a Bama da Tanzaniya da Laberiya da Pakistan. A 2004 Ingila ta ba shi lambar girma saboda ƙoƙarinsa na sasanta mutanen ƙasashen biyu. Ya rasu a Sifen a watan Yuli 2013, yana da shekara 89.

Ban kawo labarin nan don in wanke shi ba. Ya yi wa azzalumi yaƙi, kuma shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ya ga ana harbe Yahudawa a Yukiren. Karyewar wuya ba ta dawo da ran kowa. Hisabinsa yana wurin Allah, kamar na kowa. Abin da ya dame ni shi ne namu zaman, mu da muke raye.

Ku lura da aikin gola. Shi kaɗai ne rigarsa ta bambanta da ta 'yan'uwansa, daga nesa ake gane shi. Rabin wasa yana tsaye ne dab da magoya bayan abokan hamayya, duk zagin da za su yi a kunnensa yake sauka, kuma ba shi da damar juyowa ya rama. In ya kaɗe ƙwallo goma ba a cika tunawa ba, in ɗaya ta zille masa har jikokinsa sai sun ji. To, wannan ba shi ne zaman Bahaushe a Kudu ba? Hularmu da rigarmu sun nuna mu. Shekara da shekaru muna kawo shanu da albasa da tumatir da wake, ana ci ana ƙoshi, ba mai cewa komai. Ran da wani yaro ɗaya ya yi abin kunya, ko aka yi rikici a wani gari na Arewa da ko hanyarsa ba mu sani ba, sai a ce "aboki" ne, dukanmu mu shiga uku.

Mun gani a watan Fabrairu 2006, bayan rikicin Maiduguri. 'Yan'uwanmu na Anacha sun fi kowa sanin abin da ya faru, yadda aka ƙona masallatai, aka kashe mutane, wasu suka tsallaka gada zuwa Asaba, wasu suka fake a barikin soja. Na Fatakwal kuma ba su manta da Oyigbo a Oktoba 2020 ba. A 2006 ɗin, da abin ya taɓo Inugu, kawu ya riga ya rasu, amma mai buhuna yana nan, ya tsufa yana dogara sanda. Shi ya sa yaransa suka kwashe kayana suka zuba a shagonsa, ya sa kujera a ƙofa ya zauna. Ya ce da ni, "Ɗana, tafi ka kula da iyalinka. Wanda zai taɓa kayan nan sai ya fara ɗaga ni." Na ce, "Baba, kada su ji maka ciwo saboda albasa." Ya ce, "Na ga 66 da idona. Ba zan zauna a yi irinta a gabana ba." Mutumin da aka kashe wa wa a Kano ke nan. Ko buhu ɗaya ban rasa ba.

Shi ne Altmann ɗinmu, kuma na tabbata kowace unguwa ta Hausawa a ƙasar nan tana da irinsa, in an tambayi dattawa. Tambayar da nake yi mana ita ce: mu fa, wa muka taɓa tsaya wa? In labari ya zo cewa an ƙona shagunan Ibo a wani gari na Arewa, me ake faɗa a majalisunmu bayan sallar isha'i? Sau nawa muka ɗauki waya muka kira 'yan'uwanmu na can muka ce, ku tsare maƙwabtanku, domin mu ma a hannun danginsu muke? Muna jin haushin a kira mu "aboki" da raini, amma sunan da muke kiransu da shi a bayan idonsu, mun san ba sa so, mun kuma san daga inda aka ce ya samo asali. Addininmu ya hana a kama wani da laifin wani, ya kuma girmama haƙƙin maƙwabci ba tare da ya ce sai Musulmi ba. Wannan karatu tun muna Islamiyya muka haddace shi. Aiki da shi ne ya rage.

Don haka ga abin da nake roƙo. Samari, saƙon murya da hotunan gawa da ake turowa a WhatsApp, kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba. Sau da yawa tsohon hoto ne, ko na wata ƙasa, kai kuma da ka tura kana kwance a ɗakin haya a tsakiyar mutanen da kake zuga a kansu. 'Yan kasuwa, mudunmu ya cika, bashi in an ɗauka a biya, domin amanar mutum ɗaya tana rufa wa unguwa guda asiri. In yaronmu ya yi laifi, Sarkin Hausawa da dattawa su fara kama shi kafin a zo nema, kada a ɓoye shi a ce namu ne. In maƙwabci ya yi rashi, a je a yi masa gaisuwa, ba sai an shiga abin da addini ya hana ba. Mu kuma masu hawa mumbari, ran da aka zalunci wanda ba namu ba, a ji bakinmu kamar yadda ake jinsa ran da aka zalunci namu. Maganar wanda abin ya taɓa ita ke da nauyi, kuma mu abin ya sha taɓa mu.

Sannan a riƙa ba yara tarihi gaba ɗayansa. A gaya musu abin da aka yi wa kakanninsu a nan, a kuma gaya musu abin da aka yi wa Ibo a can. Yaron da ya ji rabin labari shi ake saurin ba wa fetur da ashana. Dattawan da suka ga yaƙin nan suna ƙarewa, Chukwu ma ya rasu a Afrilun 2025. Wanda yake da tsoho a gida ko a layin kasuwa, ko namu ko nasu, ya je ya zauna ya tambaye shi tun yana iya magana.

Rangers ta yi shekara 32 ba ta ɗauki kofin lig ba, daga 1984 har 2016, ta sake ɗauka a 2024. Duk sau biyun na ga yaran unguwarmu, haifaffun nan, sun fita titi suna murna tare da 'yan gari, ba mai tambayar wani daga ina ubansa ya zo. Wasu dattawa sun yi gunaguni. Ni dai na ce a bar su, in dai ba su bar salla ba. Garin da aka haife ka, kake ci kake sha a cikinsa, ba laifi ba ne ka yi farin ciki da farin cikinsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya saka wa duk wanda ya taɓa tsaya mana da alheri, Ya ba mu ikon tsaya wa wani. Allah Ya zaunar da Inugu da Anacha da Fatakwal da Arewa baki ɗaya lafiya, kada Ya maimaita mana abin da iyayenmu suka gani. Amin.